Amai, ruwan zafi da wiwi: yadda ciwon wani ɗan kabu-kabu a Maradi ya ɗauki wata 17 kafin a gano shi

Kafin ciwon: 2015 zuwa 2022

Matashi ne ɗan shekara 27 lokacin da ya zo hannunmu, ɗan kabu-kabu a cikin garin Maradi, wani lokaci kuma ya ɗora kaya a moto ya kai Ɗan Isa ya dawo da wasu. Mata ɗaya, ɗiya ɗaya, suna zaune a gidan gado tare da innarshi da yayanshi. Ba zan faɗi unguwa ba balle suna, da wannan sharaɗin ya yarda a rubuta. Ni ma'aikacin jinya ne, abin da ya faru kafin Afrilun 2024 daga bakinshi da bakin matarshi na ji, sai kuma karnen asibitinshi da ya cika da hatimi da rubutun hannu kala-kala.

Ya fara shan wiwi wajen 2015 a fada, yana ɗan shekara 18. Da farko sai an samu, in wani ya kawo a zagaya da naɗi ɗaya ana shan shayi. Zuwa 2019 abin ya zama na kullum, ɗaya da safe kafin ya hau moto, ɗaya bayan la'asar, ɗaya ko biyu da dare. Ba ya shan giya, tramol ya taɓa gwadawa ya ga ba ta yi mishi ba ya bari. Nauyinshi kilo 64, ba hawan jini, ba suga, ba a taɓa yi mishi aiki ba. A gida matarshi kaɗai ta san yana sha, ita ma ba ta san yawan ba.

Tun cikin 2021 ya fara tashi da asuba da tashin zuciya, ba amai dai, zuciya ce kawai ke tashi da wani nauyi a saman cibiya. In ya ja naɗin safe sai ta kwanta. Ya ce tun daga nan ya ɗauka a ranshi cewa ganyen nan maganin cikinshi ne.

Nuwamba 2022: tashin farko

Wata asuba ya tashi da amai, kuma bai tsaya ba. Matarshi ta ce ta daina ƙirgawa da ya wuce sau 20, tun yana fitar da abinci har ya koma ruwa rawaya har ya koma kakari kawai ba abin da ke fita, ga zufa, ga ciwo a tsakiyar ciki yana dunƙulewa a tabarma. Aka kai shi asibitin unguwa, aka yi gwajin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, na yatsa ya nuna akwai, aka ba shi Coartem da allurar tsayar da amai ta Primperan. Bayan kwana biyu amai ya tsaya, ya ci tuwo, ya koma aiki. Kowa ya ce palu ne, kuma lokacin ƙarshen kakar palu ne a Maradi, gida-gida ana kwance.

A daren farko sau uku ya sa matarshi ta dafa mishi ruwan wanka. Sanyi ya fara shigowa, don haka ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Fabrairu zuwa Yuli 2023: kowane tashi da sunanshi

A Fabrairu abin ya dawo, sak irin na farko. Gwajin palu bai nuna komai ba, sai aka yi gwajin Widal aka ce taifod ce, aka rubuta mishi siprofuloksasin na kwana 10. Amai ya tsaya a kwana na biyu. A Mayu ya sake dawowa, wani asibitin kuɗi suka ce gyambon ciki ne, omeprazol na wata ɗaya, aka hana shi yaji da tsami da shayi. Amai ya tsaya a kwana na biyu. A farkon Yuli aka yi mishi eko na ciki, hanta lafiya, ƙoda lafiya, matsarmama ba dutse.

Da asibiti ya kasa kiran sunan ciwon, sai Inna ta kira nata. Ta ce shawara ce ta yi mishi yawa, tunda aman rawaya ne, aka kawo sassaƙe da jiƙo yana sha safe da yamma. Daga baya wata ƙanwar babanshi ta ce a'a, wannan tashi da kwanciya ba na lafiya ba ne, hannu aka sa mishi saboda moton da ya saya, aka shiga karɓo rubutu da turare. Duk abin da aka ba shi a rana ta farko, zuwa rana ta uku ya miƙe, sai a ce Alhamdulillahi an dace, sai bayan wata biyu a sake sabon lale.

A tsakanin nan matarshi ta lura gawayi ya daina kai musu. In ciwon ya tashi yakan shiga makewayi da bokitin ruwa mai tururi, ya tsuguna yana kwarara shi a ciki da baya da ƙaramin kofi, a hankali don kada ya ƙare da wuri, in ya ƙare ya ƙwala mata kira ta kawo wani. Yana cikin ruwan lafiya lau yake, har magana yana yi, da jiki ya huce minti 20 zuwa 30 amai ya dawo. A watan Mayu fa, a Maradi, da mutane ke kwana tsakar gida saboda zafi. Ta faɗa ma Inna, Inna ta ce sanyi ne ya shige shi. A asibiti ba ta faɗa ba, don ba a tambaya ba kuma ba ta ga haɗin wanka da amai ba.

Agusta 2023 zuwa Maris 2024: boda a rufe, bidiyo a waya

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sauka, aka rufe boda da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can. Hanyar Ɗan Isa da Jibiya da yake samun na cefane ta mutu, cikin gari kuma masu moto sun fi fasinja yawa. Sai zaman fada ya ƙaru, naɗi ya tashi daga 4 ya koma 7 zuwa 8 a rana. Tashin ciwon da ke zuwa duk wata biyu ko uku ya koma duk sati uku. A Disamba an auna shi kilo 58.

A wannan lokacin ne wani abokinshi ya turo mishi bidiyo a WhatsApp, wani yana bayani cewa Turawa sun gano jikin ɗan Adam da kanshi yana ƙera sinadarin wiwi, kuma a Amurka likitoci ne ke rubuta shi ma masu kansa don ya tsayar musu da amai. Abokin ya ce "to ka gani, kai da ke da ciwon amai ai kai ya kamata ka ƙara, mu ne ma muke sha a banza." Ya ƙara ɗin. Ranar da ciki ba ya karɓar hayaƙi sai ya dafa ganyen cikin shayi.

Abin da bidiyon ya ce game da likitocin Amurka yana da tushe. Tun 1985 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna dronabinol, wanda THC ne, wato sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi, amma haɗin masana'anta a cikin ƙwaya mai miligiram 2.5 ko 5 ko 10, ana ba masu kansa da maganin kansar ke sa su amai idan sauran magunguna sun kasa, daga 1992 kuma aka ƙara da masu sida da suka rasa sha'awar abinci. Akwai Sativex da Ingila ta amince da shi a 2010, feshi ne a baki, kowace fesawa THC miligiram 2.7 da CBD, wani sinadarin wiwi daban, miligiram 2.5, don sanƙarewar jiki a wani ciwon jijiyoyi. Akwai Epidiolex da Amurka ta amince da shi a Yunin 2018, shi CBD ne zalla wanda ba ya bugarwa, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. A gwajin da aka wallafa a 2017 kan yara da matasa 120 masu nau'in Dravet, faɗuwa ta ragu daga wajen sau 12 a wata zuwa wajen sau 6 ga waɗanda suka sha maganin, waɗanda aka ba na bogi kuma kusan ba ta canza ba. A Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin da ake ɗauka ba shi da amfanin magani, da ƙuri'a 27 kan 25, amma ta bar shi cikin abubuwan da ake tsananta sa ido a kansu. Lesoto ta fara ba da lasisin noman na magani a 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021. A Nijar haramun ne a doka, nomanshi da sayarwa da sha.

Cikin azumin 2024 ciwon ya tashi sau biyu, ya sha kwana shida bai yi azumi ba. Da rana ba ya sha, amma daga buɗa-baki zuwa sahur yana rama na yinin.

16 zuwa 21 ga Afrilu 2024: kwanciya asibiti

Yayanshi ya kawo shi da dare, kwana uku kenan yana amai kuma wannan karon bai tsaya ba. Tun safe bai yi fitsari ba. Tansiyo 9 kan 6, bugun zuciya 118, nauyi kilo 53, harshe a bushe, ido ya faɗa. Gwajin palu babu. Analiz ya nuna ƙoda ta fara gajiya saboda ƙarancin ruwa, fotasiyom ya yi ƙasa, suga daidai. Aka sa mishi serom, lita 4 a awa 24 na farko. Primperan bai yi komai ba. Aka sa suka sayo ondansetron, wani maganin amai, a farmasi, mai tsada, ya ɗan lafa awa biyu ya dawo.

Dare na biyu aka duba gado ba shi, serom na rataye yana ɗiga a ƙasa. Yana banɗaki, matarshi na tsaye a ƙofa da tarmos biyu na ruwan zafi da ta zo da su daga gida, mu mun ɗauka na kunu ne. Da za a mayar mishi da allura na ɗaga rigarshi, fatar ciki daga ƙirji zuwa mara ta yi duhu dabbare-dabbare, wani wurin har ya saɓule ya warke. Na rubuta a takarda kamar yadda na gani.

Da safe likita ta zo zagaye, mace ce matashiya, ta karanta, ta tsaya kan layin nan. Ta juya wajen matar ta ce "baiwar Allah, ruwan zahin nan tun yaushe?" Ta ce tun ciwon farko. Ta ce "in shina cikin ruwan, aman na tsayawa?" Ta ce tsaf. Sai likita ta ce ma Inna "Inna, don Allah ku ɗan ba mu wuri ke da Yaya, zan duba shi." Da suka fita ta ja labule ta zauna a bakin gado, ta yi ƙasa da murya ta ce "Malam, ni ba ƴar sanda ba ce, abin da ka faɗa mini nan zai tsaya. Kana shan ganye?" Ya daɗe yana kallon silin. Ya ce "ina sha, likita, amma shi ne ma ke taimakona, ba don shi ba da na mutu." Ta tambayi nawa a rana da shekara nawa, ta rubuta, ba ta yi mishi wa'azi ba.

Ta sa aka ba shi haloperidol kaɗan ta jijiya bayan an gyara fotasiyom ɗin. Kafin azahar amai ya tsaya, ya yi barci, washegari ya sha koko ya zauna. Ranar 20 ga wata aka sake analiz ƙoda ta dawo daidai, ranar 21 aka sallame shi.

Abin da aka yi mishi bayani kafin sallama

Ciwon yana da suna a littattafan likitanci, ciwon yawan amai na masu shan wiwi na dogon lokaci. Likitoci a kudancin Ostireliya ne suka fara bayyana shi a 2004, kuma tun a rahoton farko wankan ruwan zafi na cikin alamominshi. Yana tafiya hawa uku, watanni ko shekaru na tashin zuciyar safe, sai tashin amai mai tsanani na kwana ɗaya zuwa biyu, sai lafawa har wani tashin. A 2016 an sa shi cikin jerin cututtukan ciki da hanji da ƙwararru suka amince da su.

Don ya gane yadda abu ɗaya zai tsayar da amai kuma ya kawo amai, dole aka koma ga maganar da bidiyon ya fara, wato abin da jiki ke ƙerawa. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni a Isra'ila suka ware THC, daga hashish ɗin da ƴan sanda suka kama suka ba su. Tambayar da ta rage ita ce, me ya sa sinadarin wani tsiro zai yi aiki haka a ƙwaƙwalwar mutum? A 1988 Allyn Howlett da William Devane a Amurka suka nuna akwai wurin karɓa na musamman a ƙwaƙwalwa da THC ke maƙalewa, shi ake kira CB1. Tunda akwai wurin karɓa, to lalle jiki na da nashi saƙon da yake aikawa can, kuma a 1992 aka same shi a ƙwaƙwalwar alade a Jami'ar Hibru ta Ƙudus, aka sa mishi suna anandamid. A 1993 aka gano wurin karɓa na biyu, CB2, a Kambirij, shi ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. A 1995 aka gano saƙo na biyu, 2-AG, kuma ɗaya daga cikin ƙungiyoyi biyun da suka gano shi a hanjin kare suka same shi. Waɗannan su ake kira endokanabinoyid, kanabinoyid na cikin jiki, kuma kowa na da su, wanda ya taɓa ganin wiwi da wanda bai taɓa ba, suna da hannu a cin abinci, barci, jin ciwo, tunawa da mantuwa, tsoro, zafin jiki da motsin hanji.

Yadda suke aiki shi ne muhimmin wurin. Jiki ba ya tara su ya ajiye, yana ƙera su ne daga kitsen bangon ƙwayar jijiya a daidai lokacin da ake buƙata, a daidai wurin da ake buƙata. Idan wata jijiya ta yi ta aika saƙo ba ƙaƙƙautawa, wadda ke karɓa sai ta ƙera 2-AG ta mayar mata da shi baya, ma'ana sassauta, kuma nan da nan wasu sinadarai biyu, FAAH da MAGL, su rushe shi aiki ya ƙare. Kamar mai lambu ne a bakin Gulbi da ke bin fangali ɗaya-ɗaya yana ba kowanne ruwa gwargwado yana toshewa, shi kuwa THC na hayaƙi ambaliya ce, tana shiga duk fangalin lokaci ɗaya ta kwana a ciki. Ga shi yana narkewa a kitse, shi ya sa mai sha kullum ko ya bari sai a yi makonni ana ganin burbushinshi a fitsari.

Jiki kuma ba ya zuba ido. In THC ya yi yawa kullum, sai ƙwayoyin jijiya su janye wasu daga cikin wuraren karɓar CB1 ɗin. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu sha kullum ya ga CB1 ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a wasu sassa, kuma bayan kamar sati huɗu da dainawa ya dawo daidai. To CB1 ɗin nan akwai shi a gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa amai, nan THC kaɗan ke danne tashin zuciya, akwai shi kuma a tumbi da hanji, nan THC ke rage saurin wucewar abinci. Masana har yanzu suna muhawara kan wanne ya fi laifi a ciwon nan, da dalilin da ya sa wani ke kamuwa wani ya shekara 20 yana sha bai kamu ba, amma abin da aka gani a marasa lafiya bai canza ba, in aka daina yana tafiya, in aka koma yana dawowa. Ruwan zafi kuma ana danganta shi da wani wurin karɓa daban a fata da hanji, TRPV1, wanda zafi daga wajen digiri 43 ke tayarwa, shi ne kuma barkono ke tayarwa, shi ya sa a wasu asibitoci ake shafa man sinadarin barkono a ciki maimakon wanka.

Mara lafiyar bai yarda ba. Ya ce ma likita zai bari na wata ɗaya tak, don ya nuna mata ba shi ba ne. Ta ce ta karɓa, amma ya mai da shi wata uku tunda tashin ciwon ma duk sati uku ne.

Afrilu zuwa Yuli 2024: dainawa ta farko

Satin farko ya fi wuya. Daga kwana na biyu barci ya ƙaurace, zufar dare, abinci ba ya shiga, faɗa da kowa, har ɗiyarshi ta fara gudu in ya shigo. Ya dawo ran kwana na biyar yana cewa ga shi nan ya daina kuma ya fi lalacewa. Aka faɗa mishi wannan sananne ne, alamomin dainawa kan fara a kwana ɗaya ko biyu, su kai ƙololuwa cikin satin farko, yawanci su lafa a sati biyu zuwa uku, barci da mafarkai masu tsanani su kan fi daɗewa. Tashin zuciyar safe ya ɗauki kwana 10 kafin ya tafi.

Shi da kanshi ya faɗa ma yayanshi gaskiya a sati na biyu. Yayan bai kai maganar gun Inna ba, abin da ya yi shi ne duk bayan magariba sai ya kira shi ya zo ya tsare mishi shago har ƙarfe 11, ya biya shi, daga nan su wuce gida tare. Fada ta fita daga tsarin yininshi ba tare da an ce kada ya je ba. An buɗe boda tun Maris, aikin Ɗan Isa ya fara dawowa.

Mayu ba tashi, Yuni ba tashi, Yuli ba tashi. Ƙarshen Yuni kilo 57. Omeprazol da jiƙo duk ya bar su tun ranar sallama.

Agusta zuwa Oktoba 2024: komawa

Damanar 2024 ta yi ɓarna a Maradi, katangar gidansu da ɗaki ɗaya suka faɗi a ƙarshen Agusta, kuɗin da ya fara tarawa suka tafi a bulo da siminti. Ya koma ɗaya da dare don ya samu barci, yana cewa ai ya warke. Cikin sati biyu ya zama uku a rana. Tashin zuciyar safe ya dawo a sati na uku, a farkon Oktoba amai ya tashi.

Wannan karon bai jira kwana uku ba, da kanshi ya zo tun rana ta farko, kuma tun a bakin ƙofa ya ce "majo, na koma, shi ne." Kwana ɗaya ya yi, serom lita 2 da allura ɗaya, ƙoda ba ta taɓu ba.

Oktoba 2024 zuwa Oktoba 2025

Bai sake sha ba, bisa faɗarshi da ta matarshi. Dainawa ta biyu ta zo da rashin barci na wajen sati uku, amma ya san abin da ke tafe. Wata 12 ba amai, ba tashin zuciyar safe, nauyi kilo 63 a awon ƙarshe. Tabon cikin ya dushe amma bai ɓace ba. Da suka yi lissafi shi da yayanshi, tsakanin Nuwamban 2022 da Afrilun 2024 sun kashe sama da jika 300 a magani, analiz, eko, sassaƙe da rubutu, ban da kwanakin da moto ke jingine.

Me ya kasa, me ya yi aiki

Maganin palu na farko ban ga laifinshi ba, gwaji ya nuna kuma palu na kisa, dole a ba shi. Matsalar ita ce a ƙasar da mutum zai iya ɗauke da ƙwayar palu a jini ba tare da ita ce ke kwantar da shi ba, sakamakon gwajin ya rufe ƙofar tambaya. Widal ma haka, gwaji ne da ke yawan nuna akwai a wuraren da taifod ta zama ruwan dare, kuma mutumin nan ba shi da zazzaɓi mai daɗewa. Amma abin da ya fi ɓatar da kowa, asibiti da gida, shi ne ciwon da kanshi yake lafawa a kwana biyu, don haka siprofuloksasin ya samu yabo, omeprazol ya samu, sassaƙe ya samu, rubutu ya samu, ba ɗayansu da ya yi aikin.

A cikin karnen akwai wuri biyu da aka rubuta "ba ya shan komai". Na tambaye shi, ya ce an tambaye shi kam, sau ɗaya gaban Inna, sau ɗaya gaban yayanshi da wasu marasa lafiya huɗu. Wa zai amsa a haka, a garin da abin haramun ne a doka kuma abin kunya ne a dangi? Jan labule da fitar da mutum biyu ya yi abin da eko bai yi ba. Tambayar ruwan zafi kuma ta fi sauƙi, don ba kunya a cikinta, matar ma za ta iya amsawa.

Bidiyon ne ya fi ba ni haushi, saboda ba ƙarya ya yi ba, rabin gaskiya ya faɗa, kuma da rabin nan mutumin ya ninka abin da ke kwantar da shi har ƙodarshi ta kusa tsayawa. Eh jiki na ƙera kanabinoyid, eh akwai magungunan da aka samo daga wiwi kuma suna taimakon yaran da ke faɗuwa kullum da masu kansa, ni kam ina fatan ranar da irin Epidiolex zai iso ga masu buƙatarshi a nan. Amma duk inda aka ce maganin wiwi na likita, an san wane sinadari ne, miligiram nawa, don wane ciwo, na tsawon wane lokaci, kuma akwai mai bin sawu, har Epidiolex ɗin ana auna hantar mai shan shi. Naɗin fada ba wanda ya san adadin THC da ke cikinshi, ko mai sayarwa. Tsarin nan na jiki ma ko masana da suka taɓa shi da awo sun sha wuya. Rimonabant, maganin rage ƙiba da ke toshe CB1, Turai ta amince da shi a 2006 ta janye shi a 2008 saboda baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai. A Janairun 2016 a Ren ta Faransa, gwajin wani magani mai hana rushe anandamid ya kashe mutum ɗaya ya taɓa ƙwaƙwalwar wasu.

Haloperidol ya tsayar da tashin ne kawai, kuma wani gwaji a Kanada da aka wallafa a 2021 ya nuna ya fi ondansetron a ciwon nan, amma ba abin saye a tiren masu tallan magani ba ne, yana iya murɗe wuya da harshe, yana iya dagula bugun zuciya musamman in fotasiyom ya yi ƙasa kamar nashi. Abin da ya warkar da shi dainawa ce, abin da ya sa dainawar ta tsaya kuma abu biyu ne, an gaya mishi tun da wuri cewa sati biyun farko za su yi muni don kada ya ɗauka ciwon ne ya dawo, sannan yayanshi ya cika mishi awannin magariba zuwa dare. Komawar Agusta, duk da zafinta, ita ce ta gamsar da shi, don bayanin likita bai gamsar da shi ba.

Ba duk mai shan wiwi da ya zo da amai ke da ciwon nan ba. Sai an fitar da palu, da toshewar hanji, da afendis, da suga, da ciwon ƙoda, mace kuma a duba ciki. Amma in amai na zuwa yana tafiya, analiz na fitowa lafiya, yanzu a ɗakinmu muna tambayar mai jinya ko ana yawan dafa ruwan wanka, in aka ce eh sai a ja labule kafin tambaya ta biyu.